Ruwan Sanyin da Ba Namu Ba

Tun da muka dawo daga zagayen nan da Alhaji Sabo ba a bar ni na sha iska ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni, har matata ta ce ƙawayenta sun aiko ta. To zan faɗa sau ɗaya, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji. Ni ba gwanin labari ba ne, mai gyaran firji ne, abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, ana ce mini Injiniya, ko da yake ban taɓa shiga jami'a ko don fakewa ruwa ba. Na kusa shekara ashirin ina kula da injinan gidan ƙanƙarar Alhaji Sabo a nan Kazaure. A da motarmu tana kai bulon ƙanƙara Roni da Gwiwa da Babura, har ƙetaren iyaka, in azumi ya faɗo cikin zafi kuwa sai an yi layi a ƙofarmu. 'Yan shekarun nan ciniki ya yi ta zubewa, man dizal ya yi ta hawa. Ana saura 'yan makonni azumi babban injin ya buga. 'Ya'yan Alhaji suka ce a rufe gidan kawai. Shi kuma ya ce ba zai yanke ba sai ya je ya ga masu sayen kayansa ido da ido. In an gyara injin, ina da aiki, ni da sauran ma'aikata. In an rufe, kowa ya kama gabansa. Da wannan a raina na shiga mota.

Mu uku ne a gaban akori-kura: Alhaji da carbinsa, ni a tsakiya, sai Bitrus direba, mutumin Filato, wanda ya daɗe yana kai ƙanƙara a wannan hanya kuma ba ya magana sai an matsa masa. A baya akwai ragowar ƙanƙarar da injin ya yi kafin ya mutu, an binne ta a garin katako, an lulluɓe da buhuna da tampol. Alhaji ya ce tsaraba ce, bulo mafi girma kuma na amininsa ne Alhaji Mamman na can Nijar. Na ɗauki akwatin kayan aikina, don ba na kwana nesa da shi. Sai kuma wani haƙori nawa na can ciki da ba ya shiri da sanyi ko kaɗan. Ku riƙe zancen haƙorin nan, ya yi aiki a tafiyar fiye da ni.

Roni muka fara. Hajiya Tabawa, dattijuwa mai sayar da zoɓo da kunun aya, ta tarye mu a shagonta da "lale lale, yau manya ne a gari". Ta daɗe ba ta aiko an kawo mata ƙanƙara ba. Tun daga waje na ga farantan sola a kan rufi. Alhaji ma ya gani, ya ce, "Hajiya, an yi ci gaba."

Ta ce, "Wane ci gaba, Alhaji, na cajin waya ne."

Farantan nan za su caja wayoyin Roni gaba ɗaya har a ba maƙwabta. A kusurwar shagon akwai wani abu mai tsawo, an rufe shi da zanen gado, an jera kwanukan samira a kai. Yana gurnani ƙasa-ƙasa. Ni kuwa da gurnanin firiza na girma, ko a cikin barci na ji zan gane. Aka kawo zoɓo, na kurɓa, haƙorina ya harba har cikin kunne. Alhaji ya shanye nasa tas, ya tambaye ta ko lafiya ba a jin saƙonta.

"Kasuwa ce ta mutu, Alhaji. Mutane sun daina shan sanyi, wai likitoci sun hana."

Tana faɗin haka wata mata ta leƙo ta ce a ba ta mai ƙanƙara-ƙanƙara. Hajiya ta ce mata ta dawo an jima. Alhaji ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya sa Bitrus ya sauke mata bulo guda. Ta karɓa tana ta sa albarka kamar an ba ta kujerar Makka.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce ƙarya ta yi. Mu mun san ba haka ba ne. A wajenmu mutum ba ya duban idon wanda suka daɗe suna hulɗa ya ce masa na daina da kai. Sai dai ya rufe abin da zane, kai ma ka yi kamar ba ka gani ba, a rabu da mutunci. Abin da ya dame ni shi ne da irin wannan mutuncin ake so a gane ko za a gyara inji.

Tsakanin Roni da Gwiwa taya ta yi faci a kan jar ƙasa. Jak ɗinmu ya ƙi tashi, sai da wani manomi a kan babur ya tsaya ya kama mana da duwatsu. Alhaji ya sa aka fasa masa ɗan guntun ƙanƙara. Mutumin ya duba ya rasa inda zai sa, sai ya cire hularsa ya jefa a ciki ya mayar kai, ya ja babur ruwa yana bin wuyansa. Tun daga nan na lura motarmu tana ɗiga a baya duk inda muka tsaya.

A Gwiwa muka sauka wajen Malam Iro mai kantin lemo. Nan ne kawai aka ba mu ruwan randa, haƙorina ya samu lafiya, ni kuma na samu ɗan ƙwarin gwiwa, na ce a raina ga mai buƙatarmu. Da ya ga tsarabarsa ya karɓe ta da hannu biyu yana ta godiya. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, aka shimfiɗa mana tabarmi a soro. Sauron Gwiwa ba ya kuka, aiki kawai yake yi.

Da safe bayan mun fito daga masallaci Malam Iro ya ja hannuna gefe. "Injiniya, don Allah wani ɗan taimako. Akwai firizar wani maƙwabcina da ta tsaya."

Na ɗauko akwati na bi shi. Firizar maƙwabcin tana cikin ɗakin ajiyar Malam Iro, makullin yana aljihun Malam Iro, lemon da ke ciki na Malam Iro ne. Ɓera ne ya ci waya. Kafin shayi ya huce na haɗa ta. Ya ce watanni ke nan tana a mace, masu gyara suna Kano, ba wanda zai taso don firiza ɗaya, shi kuma kunya ta hana shi komawa ya nemi ƙanƙara wajen Alhaji bayan ya yi shiru da daɗewa. Ya roƙe ni kada na faɗa. Ya ɗaure ƙafar wani zabo ya miƙo mini.

Zabo ba abin sawa a aljihu ba ne. Na iso mota da shi a hammata, hannuna duk baƙin mai. Alhaji ya dubi zabon, ya dubi hannun.

"Wannan fa?"

"Kyauta ce, ranka ya daɗe."

"Allah ya ƙara kyauta."

Ban ji daɗi ba, gaskiya. Da hannuna na kashe mai saye guda ɗaya da ya rage mana a garin.

Hanyar Babura ta biyo da mu ta gefen Kazaure, amma Alhaji ya hana a biya gida, ya ce wanda ya koma gida a tsakiyar tafiya ya karya ta. Muka wuce ina hango duwatsun garinmu. Ashe labari ya riga mu ta waya. A Achilafiya mun tsaya sallar azahar, kafin na gama alwala wani ya rusuna kusa da ni, shi ma da maƙwabci. A Babura maƙwabtan suka yi yawa. Ko'ina muka shiga a ba mu ruwa mai sanyi, a ce farantan na fanka ne, ko na fitila, wani ma ya ce ajiya aka ba shi. Alhaji yana ciki ana gaisawa, ni ana zagayawa da ni ta baya. Wata batir ne ya gaji, wata ƙura ce ta toshe ta, wata iskar gas ɗinta ta zurare, wannan kam ba ni da abin cika ta. Aka ba ni gero a ƙwarya, aka ba ni albasa. A bayan motar, ƙanƙara tana raguwa, kayan miya suna ƙaruwa.

Mun dace da ranar kasuwa, garin ya cika da shanu da buhunan hatsi da mutanen ƙetare, ana ciniki da naira da sefa a baki ɗaya. Masaukin da muka samu ɗaki ne mai fanka wadda take juyawa don sauke nauyi. Da yamma muna cin dambu a ƙofar masaukin, Alhaji ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun fitowarmu.

"Na ga abin da na gani, Habu. Amma Mamman bai taɓa rage ko bulo ɗaya ba. Duk sati motar nan tana kai masa. Tare muka fara da shi, ni ina ɗauro ƙanƙara a bayan babur, shi yana jirana a bakin iyaka da amalanke. In dai har shi yana buƙata, zan gyara injin, ko don shi kaɗai ne."

Na ji sanyi a raina, na gaskiya ba na haƙori ba. Na dubi Bitrus don shi ne yake kai kayan. Bitrus ya tashi ya je yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Washegari muka kama hanyar iyaka. A ɓangarenmu an san motar, aka gaisa aka ɗaga mana sanda. A ɓangarensu jandarma ya fara ƙamewa ya sara mana, sannan ya nemi katin shaida ɗaya bayan ɗaya, ya karanta kowanne har baya. Mu a nan da wasa da dariya ake farawa kafin a zo kan takarda, su kuwa takarda tukuna, dariya daga baya. Ya zagaya ya ce, "Motarku tana yoyo." Bitrus ya ce ƙanƙara ce. Ya ce a buɗe. Ana ɗaga tampol zabona, wanda ashe ya kwance igiyarsa, ya yi fir ya tsallaka sanda ya shige Nijar ba kati ba komai. Jandarman ya bi shi da kallo ya ce wannan kam ya riga mu. Ya ɗebi ɗan ruwan ƙanƙarar ya shafa a ƙeya, ya ce mu sauka lafiya.

Ƙetaren ba wata duniya ba ce, gero ɗaya, Hausa ɗaya sai ɗan lanƙwasa. Burodinsu dai dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Zogalen da muke kira kwaɗo su kopto suke cewa, firiza kuma firigo. Shayinsu a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, baƙi ƙirin, kuma ba a sha ɗaya a tashi, sai an yi na fari da na biyu da na uku. Mu da muke cika kofi da madara mu kurɓe a tsaye, a can marasa haƙuri ne. Kwalta ta ƙare, muka shiga yashi, Bitrus yana tuƙi kamar a tsakar gidansu.

Gidan Alhaji Mamman yana bakin gari, da babban fili a gaba inda yake kiwon raguna. Tun kafin mu tsaya na ga rufin, na ga farantai jere. Amma ba su suka tona asiri ba. Bitrus yana kashe mota ragunan nan suka taso a guje suna kuka, manya-manya, suka kewaye bayan akori-kurar suna lasar ruwan da ke ɗiga. Da aka sauke tampol kuwa sai suka juya gaba ɗaya suka je suka yi layi a bakin komin ruwansu, suna waiwayen Bitrus.

Alhaji Mamman ya fito da babbar riga, dogo, da tsagen Barebari a fuska. Alhaji Sabo Bafulatani ne, kun san wasan da ke tsakani.

"Kai, bawana ne da kansa! Wa ya kwance ka daga turke?"

"Na zo duba dukiyata ne, na ga ko kana kula da ita."

Suka rungumi juna, aka yi gaisuwa mai tsawo. Bitrus ya tono babban bulon daga garin katako. Abin da ya rage bai fi sabulun wanki ba. Alhaji ya karɓa da hannunsa ya miƙa wa amininsa. Wani rago ya miƙo wuya ya lasa. Alhaji ya dubi ragon, ya dubi layin da ke bakin komi, ya daɗe yana kallo.

"Bitrus, in ka kawo kaya a ina kake saukewa?"

Bitrus ya ce, "Ni direba ne, Alhaji."

"Na sani. A ina?"

Ya nuna komin da haɓa.

Ragunan suna ta kuka. Alhaji ya juya wajen amininsa, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Mamman, tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Ni nake ƙona man dizal, ragunanka suna shan ruwan sanyi. Sadaka kake ba ni?"

"Subhanallahi. Sadaka kuma, Sabo?" Ya gyara rigarsa a kafaɗa. "Duk sati motar nan tana tsayawa a ƙofata, garin nan kowa ya ce saƙon Kazaure ya iso. Bitrus ya ce mini kana lafiya, ni ma na ce ya gaya maka ina lafiya. In na ce a daina kawowa, me zai kawo motarka nan? Kai ba zuwa kake ba, ni ma ƙafa ta ƙi."

Ni dai ina tsaye da akwatina na san aikina ya narke tare da bulon nan. Ban ji haushin tsohon ba. Na so na ji, abin ya ƙi.

Alhaji ya juya. Ya je ya saka guntun ƙanƙarar a komi da kansa, ya goge hannu, ya ce, "Nuna mini su." Aka buɗe wani ɗaki. Firiza jere, rabinsu suna gurnani, rabi sun mutu an ɗora buhuna a kai. Alhaji ya tambaya wa yake gyarawa. Mamman ya ce sai an ɗauka an kai Damagaram, a yi makonni, wani lokaci ta dawo da sabon ciwo.

Sai Alhaji ya juyo gare ni. "Habu, daga Gwiwa zuwa nan, maƙwabta nawa ka taimaka?"

Na ce, "Da dama, ranka ya daɗe."

"Waɗanda ka kasa fa?"

"Ba kayan gyara a hannuna."

Ya ce to, ya zauna aka fara shayi. Mun kwana a zauren Mamman, aka yanka mana ɗaya daga cikin masu shan ruwan sanyin. Naman ya yi taushi, ba zan ɓoye ba.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Babura, Alhaji ya yanke shawara. Nan ya faɗa, yana kallon gaba kamar mai karanta allon hanya. Ba za a gyara injin ba, za a sayar. Za a cika shagon gaba da kayan gyaran firiza da batura da tukwanen gas. Motar za ta ci gaba da bin hanyarta a ranakun da ta saba, Roni, Gwiwa, Babura, ƙetare, sai dai maimakon ƙanƙara ni za ta ɗauka, da waɗanda zan koya wa aiki cikin ma'aikata. Ya ce, "Shekara da shekaru ina tsammani ƙanƙara nake sayarwa. Ashe hanyar ce dukiyar, da ƙofofin da ake buɗe mana." Ba kowa abin ya ɗauka ba. Dattawa biyu masu loda kaya sun ce hannunsu ya tsufa da koyon waya, an sallame su da mutunci, amma sallama sallama ce. Ɗayansu har yau in mun haɗu gaisuwarsa gajera ce.

Abin da kuke tambaya ke nan. Saura ɗan ƙarashe. Makon farko da muka fara sabon zagaye, tun muna Babura waya ta shigo, wai firigon Alhaji Mamman ta tsaya, a zo da gaggawa. Muka tsallaka. Ragunan suka taso kamar kullum, suka zagaya motar, ba abin da ke ɗiga. Na shiga ɗakin na ja firizar na leƙa baya. An kwance waya ɗaya, a hankali, har an ajiye 'yan ƙusoshin a kan murfi don kada su ɓata.

Na fita waje na kira Alhaji na gaya masa. Sannan ya gaya mini abin da zan ce.

Na koma na ɗaure wayar, na yi ta ƙwanƙwasa nan da can don aikin ya yi kama da aiki, na zauna aka yi shayi har na uku. Tsohon ya dube ni ta gefen ido.

"Injiniya, ciwon mai tsanani ne?"

Na ce, "Ta tashi, Baba. Amma irin wannan sai an riƙa dubawa duk sati."

Ya gyaɗa kai. "Dama na ji a jikina." Ya tsiyaya sauran shayin a kofina, ya ce, "To, bawan nawa yana lafiya?"